Ɗaki na Huɗu na Dudu Mai Banda

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Wara ya san Dudu, ko bai san sunanta ba. Ita ce gajerar matar nan mai jajayen idanu da ke zama kusa da masu albasa, ba ta kiran mai saye, ba ta kuma ragi. Baƙi kan ɗauka kuka ta sha. Ba kuka ba ne, hayaƙi ne na shekara arba'in da ɗoriya. Ni Ladidi maƙwabciyarta ce tun muna amare. Zana ɗaya ta raba mu a gungu, katanga ɗaya ta raba mu a tudu, don haka abin da zan faɗi ba a bakin rijiya na tsinto shi ba.

Ba 'yar ruwa ba ce. Daga wajen Shanga aka kawo ta, ɗiyar manomin gero, ba ta taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba sai ranar da aka ɗauko ta zuwa Gungun Tamada, tsibirinmu na da da ke tsakiyar kogin Kwara. Amarya ta iso gidan miji tana amai, lulluɓinta a jiƙe, ta ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu an rasa mai ɓamɓare ta. Mun sha dariya ranar. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Shekara biyu bayan nan babu macen da ta kai ta iya gyaran tarwaɗa a gungun: ta lanƙwasa ta, ta soke da tsinke, ta jera bisa banda, ta san icen da ke sa kifi ya yi ja da wanda ke sa shi ɗaci. Mu masu dariya muka koma zuwa ɗibar wuta wajenta don mu leƙi hannunta.

Mijinta Lawali masunci ne, dogo, marar magana, mai tsantseni har ya ba ka haushi. In ya ishe kifi ya sarƙe tsakanin ƙugiyoyinsa da na wani, sai ya bi gida gida yana cigiyar mai shi, kifin na wari a hannunsa. Haihuwa huɗu Dudu ta yi mishi, ba wanda ya kai yaye, duka a gungu aka rufe su. Bai taɓa ɗaga mata murya a kan haka ba. Ita kuma ba ta kuka gaban mutane, sai dai ka ga ta ƙara ice a wuta.

Akwai ƙanensa Habibu. Uwarsu ta rasu da wuri, saboda haka tuwon Dudu ya ci ya zama mutum. Wasan ƙanen miji da matar wa kuwa ba irin wanda ba su yi ba. Shina kiran ta Bagidajiyar Shanga, tana kiran shi Gama-Tukunya, in ya wuce ta watsa mishi ruwan wankin kifi, shi kuma ya sace mata kan giwan ruwa daga bisa banda da zafinsa.

Sai aka tare Kwara a Kainji, aka ce ruwa zai ci gungunmu, kuma ya ci. Gwamnati ta kwashe mu zuwa tudu kusa da Wara, ta gina muna gidajen bulo masu lanƙwasasshen rufi, waɗanda in rana ta take sai ka rantse kai ne kifin. Gidan su Lawali ya tashi da ɗaki huɗu a jere, da fili a gaba. Tsohon, ubansu, bai jure tudu ba, damina biyu ya yi Allah ya karɓi abinsa. Habibu ya ce shi kam ya gama da warin kifi, ya tafi Yelwa ya kama sayar da zare da komar kamun kifi, daga baya har da kayan injin jirgi. Ya yi aure, ya tara ɗiya, ya je Makka ya dawo da haƙorin azurfa. Gidan Wara ya bar wa wansa, ba wanda ya yi maganar rabo. Dudu ta gina sabuwar banda a filin, ta dasa dogon yaro kusa da ita, suka zauna ita da Lawali shekara ashirin da huɗu.

Shekarar da ta bi bayan yanke muna jihar Kebbi daga Sakkwato Lawali ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, aka yi na asibiti aka yi na gida, bai kai girbi ba. Allah shi jiƙansa, mutumin kirki ne ko da ya cika sanyi.

Lokacin nan Wara ta cika da baƙin ma'aikata. Wanga an yi mishi canji daga Sakkwato, wancan daga Argungu, kowa da akwatinsa da katifa a naɗe shina neman ɗakin haya. Har ɗakin ajiyar albasa an share an ba malamin makaranta. Habibu ya zo sadakar arba'in, kuma ni na ga idonsa. Bakinsa na amsa gaisuwar ta'aziyya, idonsa na ƙirga ƙofofi. Ban ce komai ba. Ba a son ta da magana mace na cikin takaba.

Ya yi haƙuri wata huɗu da kwana goma, wannan zan shaide shi. Washegarin fitar takaba da hantsi sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, da farar riga, da turmin atamfa a leda. Ina gidan, ina taya Dudu fasa kifi.

"Yaya Dudu, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Alhaji. Zamna mana. Ko rigar ba ta son tabarmarmu?"

Ya zauna a bakin tabarma kamar wanda ke jiran mota. Ya yi ta kewaye-kewaye: zaman mace ita kaɗai ba daɗi, jiki ya fara girma, hayaƙi na cin ido. Sannan ya sauka inda ya nufa. Ya ce ya yi magana da wanta Umaru a Shanga, an share mata ɗaki a gidansa. Gidan nan kuwa na ubansu ne, shi da marigayi, ba a taɓa rabawa ba. Rabi nasa ne tun asali. Cikin rabin marigayi, tunda babu ɗa, ita tana da rubu'i, saura ya komo mishi. Ya ce ya tambayi malamai a Yelwa, abin da ya faɗo mata bai wuce rabin ɗaki ba.

"Rabin ɗaki," in ji Dudu. "Wane rabin? Na wajen ƙofa ko na wajen taga?"

"Yaya, ba wasa na zo ba. Ba a zama cikin rabin ɗaki. Za a yi mishi kima a ba ki haƙƙinki a hannu, ki koma cikin danginki ki huta."

Na ce, "Alhaji, hutun nan da kake ta raba wa mutane, kai ka taɓa ɗanɗana shi?"

"Yaya Ladidi, wagga magana ta cikin gida ce."

"Ai cikin gidan nike. Ga wuƙa a hannuna, ga kifi."

Dudu ta ajiye wuƙa. Ta tashi ta ɗauko ƙatuwar tarwaɗa daga bisa banda, ta naɗe a takarda ta ba shi ya kai wa iyali. Atamfar kuwa ta ce ya koma da ita, ba ta da inda za ta da sabon zane.

Kada a ce na zalunci Habibu. Ba mugu ba ne. Ɗiya goma sha ɗaya gare shi, kasuwar zare ta ja baya, kuma a zuciyarsa ya yarda abin da ya faɗi shi ne shari'a. Laifinsa ɗaya: ya duba matar da ta ciyar da shi ya ga tsohuwar da ta tare ɗaki.

Kwana shida bayan nan ya dawo da kwaɗuna ukku ya rufe ɗakuna ukku, har da wanda ta kwana ciki da mijinta shekara ashirin da huɗu. Ya bar mata na ƙarshen jere, na huɗu, inda take tara kwanduna da buhunan gishiri, wai kafin ta shirya. Ta share shi ta shimfiɗa tabarma. Sai ga Umaru daga Shanga da motar a-kori-kura ya zo kwasar kaya. Ta yi mishi tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ci ya yi gyatsa, ta raka shi bakin mota, ta ce ya gaida matansa. Motar ta koma da kwandon banda ɗaya, tsarabar yara.

Wasu tsofaffin unguwa suka kawo tasu dabarar, wai Habibu ya aure ta, sai ta zauna da hujja. Da aka kawo mata maganar ta ce, "Wanda na cire wa ƙayar kifi daga maƙogwaro shina ihu shina kiran Inna? Ku bar ni da abin da ya dame ni."

Ranar da yamma, muna juya kifi, na ce da ita, "Ke Dudu, gaya mini gaskiya. Shanga ba daji ba ne. Umaru ba zai bar ki da yunwa ba. Mi ya riƙe ki?"

Ta gyara wuta ta ce, "Ɗiyana huɗu suna ƙarƙashin wancan ruwa, Ladidi. Ba ni da kabarin da zan nuna. Amma in na tsaya nan gindin dogon yaro ina ganin daidai inda gungu yake. Lawali kuma ga shi can bayan masallaci. In na je Shanga ni wa ce? Tsohuwar da ake aika wa tuwo a kwano, matan wana suna auna loma nawa na ci. A nan masunta ke sallama da sunana tun jirgi bai taɓa gaɓa ba. Ban iya zaman a ba ni ba. Ban taɓa yi ba."

"To sai ki nemi abin faɗi gaban Liman, don Habibu ya kai magana. Jibi za su zo rabo."

Ta ce, "Ina da abin faɗi. Kunyarsa nike ji." Ta dube ni, na dube ta, na gane abin da take nufi, don da ni a ciki.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a filin gidan bayan azahar. Liman Malam Isa ya zo da dattawa ukku, duka mutanen gungu ne na da. Habibu ya zauna gefensa. Mu mata muka zauna a ƙofar ɗaki na huɗu, maƙwabta kuma suka cika bakin katanga kamar ana rabon naman layya. Liman ya yi addu'a, aka fara da jirgi da koma, aka gama ba gardama. Da aka zo kan gida Habibu ya maimaita karatunsa na Yelwa, Liman na gyaɗa kai, don lissafin daidai yake.

"Dudu, kin ji. Kina da magana?"

"Allah shi gafarta Malam, ina da tambaya. Gidan tsoho a gungu, ɗaki nawa ne?"

Dattawan suka dubi juna. Ɗaya ya fara lanƙwasa yatsu: na tsoho, na Lawali da iyalinsa, na Habibu. Ukku. Wani ya ce ƙwarai ukku ne, ya sha shiga gidan.

"To gwamnati ɗaki ta ba da a madadin ɗaki. Ina na huɗu ya fito?"

Shekara ashirin da huɗu mutane na wuce ƙofofin nan huɗu ba wanda ya taɓa tambaya.

Ta sunkuyar da kai ta faɗi komai. A gungu tana da bukkar banda a bayan gida, ita ta ɗebo yumɓun da kanta, ita ta gina, ciyawar rufin da kifinta ta musanya. Da aka ce malaman ƙidaya na tafe, kuma an ce ɗakin kwana kaɗai suke sa wa lamba, ban da rumbu ban da madafa, sai ta ga ginin hannunta zai nutse a banza. Safiyar da za su zo ta kashe wuta, ta kwashe toka, ta yaɓe bangon da farar ƙasa, ta rataya asabari a ƙofa, ta jera tasoshin aurenta a ciki, ta shimfiɗa tabarma. Saura mai ɗaki.

"Sai na kwantar da Ladidi," in ji ta, "na lulluɓe ta da gwado, na ce gwaggona ce ta zo jinya daga Shanga."

Bakin katanga ya ɗauki dariya. Liman ya juyo ya dube ni ta saman tabarau.

Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ni ce. Amma tarin da na yi ba na ƙarya ba ne. Wanda ya kwanta cikin bukkar banda da gwado a ka bai yi tari ba, a kawo shi in gani. Malamin ya leƙo, ya ji tarin, ya ja da baya shina toshe hanci, ya ce a shafa lamba a wuce."

Dudu ta ci gaba. Ta ce Lawali na ruwa lokacin. Da ya dawo ya ga lamba da jan fenti a bangon bukkar banda, kwana biyu bai ci tuwonta ba. Rana ta ukku ya ce mata gaban ƙanensa, shi ɗaki ukku ya sani a gidan ubansa, in sun ba da na huɗu nata ne, ita da Allah, shi ba ruwansa. "Kuma tun da muka tare gidan nan har ya koma ga Ubangijinsa bai taɓa sa ƙafa cikin ɗakin nan ba. Ko gishiri yake so, daga ƙofa yake miƙo hannu."

Ɗaya daga cikin dattawan ya tafa hannu ya ce wallahi ya sha lura da haka, ya ɗauka warin buhuna ne ba ya so.

Liman ya ce, "Alhaji, an ce gabanka aka yi. Mi ka ce?"

Habibu ya gyara hula. "Allah shi gafarta Malam, ni ban san wanga zance ba. Tatsuniyar mata ce. Lokacin ina yaro, ina ma zan tuna?"

Yaro! Saurayi ɗan shekara ashirin mai gashin baki. Amma ya musa, marigayi ba ya tashi, shaida kuwa ni kaɗai ce, mace ɗaya, kuma mai hannu cikin laifin. Na ga Liman ya fara shafa gemu irin na wanda zai ce a yi haƙuri.

To ni na san abu ɗaya game da mazan gungu. Ka ce da ɗayansu matsiyaci, zai ce Allah ya kawo. Ka ce mishi marowaci, zai yi dariya. Amma kada ka kuskura ka ba wani tuƙin da shi ya yi. A bayan gungunmu akwai wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu da muke kira Bakin Kura, ruwa na tafasa a wurin, masu wuce ta da jirgi cike da mutane ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba.

Na ce, "Malam, gaskiyar Alhaji ce, ba shi nan. Yanzu na tuna. Ai farar ƙasar ba ta bushe ba aka ce malaman sun iso gaɓa, sai Dudu ta roƙi wanda zai ɗauko su ya bi da su doguwar hanya ta Bakin Kura don mu samu lokaci. Bello na gidan Sarkin Ruwa ne ya yi wannan tuƙi, Allah shi jiƙansa. Namiji ke nan. Mutum biyar da akwatin takardu, ruwa ya cika, ya ratsa da su ko dutse bai taɓa ba. Habibu lokacin ina ya ga ƙarfin Bakin Kura? Ko a ruwan sanyi jirgi juya mishi yake."

"Wa?" in ji Habibu. "Bello?"

"Bello mana."

"Bellon da ko gwangwalar tuƙi bai iya riƙo ba? Yaya Ladidi, ki ji tsoron Allah! Bello na Yelwa ranar, ya kai albasa! Ni na ɗauko su! Mutum shida ne ba biyar ba, har da ɗan sanda, shina salati shina riƙe mini ƙafa! Ni na ratsa Bakin Kura da su, da filafili ɗaya, kowa a gungu ya..."

Nan ya tsaya, bakinsa a buɗe, haƙorin Makka na walƙiya. Ya miƙe tsaye ma bai sani ba, hannunsa a sama kamar shina riƙe da filafilin.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ihu ne. Wata mata ta faɗo daga bisa turmin da ta taka tana leƙe. Dattawa na share hawaye da bakin riga. Liman kaɗai ya daure, shi ma gemunsa na rawa.

"Zamna, Alhaji. Wa ya ce ka bi da su ta can?"

Ya zauna. Ya dubi tabarma ya ce, "Ita ce."

"Don mi?"

"Don farar ƙasa ta bushe."

"Maganar da aka ce Lawali ya yi, ka ji ta?"

Na zaci zai sake musu. Ya ɗaga kai ya dubi ƙofar ɗakin wansa da kwaɗon da ya sa mata, sai ya ce a hankali, "Na ji. Muna gyaran koma ya faɗi. Ya ce nata ne, ita da Allah."

Liman ya fara da mu. Ya ce abin da muka yi ƙarya ce da ha'inci, mu ukku, kowa ya nemi gafarar Ubangiji, kuma ya fi son ya ga sadaka ta fita daga bandar nan ranar Juma'a. Muka ce mun ji. Sannan ya ce abin da ke gabansa yau rabon dukiyar tsoho da ta Lawali ne, kuma ɗakin nan bai taɓa zama na ɗayansu ba. Madadin ginin hannunta ne, mijinta ya bar mata shi da bakinsa, magajin da ke jayayya ya shaida. Ba ya shiga rabo. Rubu'inta na cikin sauran kuwa, maimakon a tsaga ɗaki, a auna mata shi a fili. Aka kawo igiya aka ja daga ƙofarta zuwa banda, aka kewayo gindin dogon yaro. Dattawa suka ce ya yi. Habibu ya ce ya yarda.

Da mutane suka watse ya tsaya shina kaɗe riga, ya rasa ta inda zai fita. Dudu ta ce, "Gama-Tukunya, buɗe mini ɗakin marigayi in ɗauki buzunsa na salla da tasbaha. Saura duka naka ne."

Ya buɗe. Ya shiga da kansa ya ɗauko ya miƙa mata da hannu biyu. Ya juyo wajena ya ce, "Ke kuma Yaya Ladidi, Allah ya isa tsakanina da ke."

Na ce, "Mutum shida har da ɗan sanda, Alhaji. Ni ma ban san ka kai haka ba."

Ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi.

Kafin wata ya ƙare ya zuba 'yan haya a ɗakunansa ukku: malamar asibiti da ɗiyanta biyu, wani mai aikin gona na ƙaramar hukuma da amaryarsa, da malamin makaranta. Da farko sun yi ƙorafin hayaƙi, har Habibu ya sa aka kawo bulo zai ja katanga bisa layin igiya. Bulon na nan jibge har damina ta sauka, don kafin magini ya samu sukuni amaryar ta koyi miyar kifi a wajen Dudu, malamar asibiti kuma ta gane akwai inda za ta bar ɗiyanta in tana aiki. Su da kansu suka je Yelwa suka ce ba su son katanga. Daga baya da bulon aka yi wa banda sabon gindi.

Ba zan ce komai ya koma kamar da ba. Matan Habibu sun yi shekara ba su taka gidan ba, kuma har yau in an yi biki a Yelwa sai an gama ake tuna a aiko mata goro. Ita ma ba waliyyiya ba ce, ta riƙe abin a ciki, in ya zo ba ta tashi ta ba shi tabarma sai ya yi sallama sau biyu. Amma shina zuwa. Duk ranar kasuwar Wara sai ya biyo, ya duba rufin ɗakunansa, ya zauna gindin dogon yaro ya ci kan kifi, su yi ta musu kan wanda ya fi wani tsufa.

Bara malamin makarantar ya samu canji, ɗaki ya zama wofi. Ina tashar Yelwa ina jiran mota na ji Habibu na yi wa wani baƙon ma'aikaci kwatancen gidan da zai kama haya. Ya ce ya sauka a Wara, ya bi hanyar bakin ruwa, ya wuce masallaci. Baƙon ya ce to in ya ɓace gidan wa zai tambaya, gidan Alhaji Habibu?

"A'a, ba wanda zai gane," in ji shi. "Ka ce gidan Dudu mai banda."